Abin Da Ba Ya Cikin Littafi

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, kan rajistar kayan tarihi a zamanin kwamfuta



Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabi a taron bana, sai da na kwana biyu ban ba shi amsa ba. Dalili kuwa shi ne, ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya gaban malaman da suka sha yi wa littattafansa ado da jan biro, ya ce wai shi ma yana da abin faɗa. To amma da yake manya ne suka aike ni, ba ni da ta cewa. In na yi kuskure, malamai suna nan, kuma na san biron bai bushe ba.

Kamar yadda wasunku suka sani, tun da na gama jami'a na yi bautar ƙasa nake aikin gwamnati, a sashen da ke kula da al'adu da kayan tarihi. Zan yi magana ne a kan manhajojin kwamfuta da ƙasashe ke amfani da su wajen rubuta kayan tarihinsu a rajista, da kuma musayar wannan rajista a tsakaninsu duk da bambancin harshe. Amma kafin in kai ga kwamfuta, ina neman izini in fara daga siton makarantar nan.

'Yan ajinmu za su tuna da Baba mai sito, Allah ya jiƙansa, da dogon littafinsa mai baƙin bango. Kowace langalanga da fartanya da bokiti sai ya rubuta mata lamba da fenti, sa'an nan ya shigar da lambar a littafi. A shekararmu ta ƙarshe ni aka ba kula da kayan aikin gidanmu. Wata Asabar aka ba mu sababbin fartanyu guda shida, Baba ya ce in kawo a sa musu lamba, na ce sai gobe. Kafin goben ta zo, ɗaya ta ɓace. Bayan kwana uku na gan ta a hannun wani yaro na gidan da ke makwabtaka da mu. Na kama shi har gaban Baba, ina rantsuwa tamu ce, domin na san tsagar da ke jikin ƙotarta. Baba ya buɗe littafi, ya bi da yatsa daga sama har ƙasa, ya rufe, ya dube ni ya ce, "Yaro, abin da ba ya cikin littafi na wanda ya riƙe shi ne." Ran nan na tafi ina ganin Baba bai yi mini adalci ba. Sai da na shekara goma sha biyar da barin makaranta na gane karatun da ya ba ni.

Ga yadda aka yi. Akwai wani dagaci a yankin da nake aiki, dattijo mai shekaru sama da tamanin, wanda ya gaji sulken kakansa. Duk hawan salla da shi ake fita. A kafaɗar hagu akwai inda māshi ya taɓa huda shi, aka yi masa gyara da zobban jan ƙarfe. Wata damina soron da ake ajiyarsa ya rushe, aka kwashe kaya cikin gaggawa, daga nan ba a sake ganin sulke ba. Bayan shekara biyu sai jikansa da ke karatu a Turai ya ga hotonsa a shafin wani kamfanin gwanjo, da gyaran kafaɗar da komai. Dattijon nan ya taso da kansa ya zo ofishinmu, aka turo shi teburina. Na rubuta wa kamfanin takarda mai zafi. Amsarsu ta zo cikin ladabi, da tambayoyi uku: Kuna da hoton sulken kafin ya ɓace? Kuna da awonsa? Yana da lamba a wata rajista, ko an kai rahoton ɓatansa ga 'yan sanda?

Na shiga ɗakin ajiyar fayil na yini. Na sami fayil ɗin wani zagaye da aka yi a ƙauyukan tun kafin a haife ni, gara ta ci rabinsa. A shafin garin dagacin akwai layi ɗaya tak da Turanci, ma'anarsa "tsohuwar rigar ƙarfe, guda ɗaya". Babu hoto, babu awo, babu lamba. Hotunan hawan salla da iyalinsa suka kawo kuwa, sulken yana ƙarƙashin riga, wuyansa kaɗai ake gani. Aka sayar da shi, ba mu san wa ya saya ba.

Ni na je na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, to me kuke rubutawa a ofishin nan naku?" Ban sami amsa ba. Kuma laifin ba na magabatana kaɗai ba ne. Sau biyu ina zuwa hawan salla a garinsa cikin motar gwamnati, da waya mai ɗaukar hoto a aljihuna, na ci tuwonsa, ban taɓa cewa a fito da sulken in auna ba. Na sake cewa sai gobe ke nan.

Daga nan ne na koma karatu, na tarar ashe maganar Baba mai sito doka ce ta duniya. A 1970 hukumar UNESCO ta tsara yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya, Nijeriya ta sa hannu ta amince da ita a 1972. Yarjejeniyar ta nemi kowace ƙasa ta buɗe rajistar muhimman kayanta. Bugu da ƙari, sashen da ya yi maganar mayar da kayan da aka sace daga gidan tarihi ko wurin ibada ya gindaya sharaɗi, watau sai an nuna kayan suna cikin rajistar wurin da aka sace su. In babu rajista, sai roƙo da lallashi. Mun ga haka a kan gumakan yumɓu na Nok da aka baje a gidan tarihi na Lubur a Faris a shekara ta 2000. An tono su ne a ɓoye, babu wanda ya rubuta su. Aka yi ta ja-in-ja har 2002, inda Faransa ta yarda cewa mallakar Nijeriya ne, amma suka ci gaba da zama a Faris a matsayin aro na shekara 25.

To, wace irin rajista ce ke amfani? A 1997 cibiyar Getty ta Amurka, bayan ta tuntuɓi 'yan sanda da kwastan da gidajen tarihi da kamfanonin inshora, ta fito da wani gajeren tsari mai suna Object ID, wanda tun 2004 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, watau ICOM, ke kula da shi. Tsarin ya ce ka ɗauki hoto, sa'an nan ka amsa tambayoyi tara: Mene ne abin? Da me aka yi shi, ta yaya? Mene ne awonsa? Akwai rubutu ko alama a jikinsa? Wane tabo ko gyara ya bambanta shi da 'yan'uwansa? Yana da suna? Siffar me ke jikinsa? Yaushe aka yi shi? Wa ya yi shi? Da an cika wannan takarda guda ɗaya a kan sulken nan, da labarin ya canja. Da irin wannan tsari 'yan sandan ƙasa da ƙasa, watau Interpol, ke tattara bayanan kayan sata. A 2021 suka fito da manhajar waya mai suna ID-Art, wadda ma'aikacin kwastan zai ɗauki hoton abu da ita a bakin iyaka, ta gwada shi da kaya sama da 52,000 da ke rumbun bayanansu a lokacin.

Amma rubutawa ba ta isa ba, sai wanda ke wata ƙasa ya iya gane abin da ka rubuta. A nan ne matsalar harshe ta shigo. Mu ɗauki babbar riga alal misali. Tsofaffin rajistocin Ingilishi sukan kira ta tobe, Bafaranshe ya ce boubou, wani ma'aikacin ya ari sunan Yarbanci ya rubuta agbada. Mu kuwa masu rigar mun san akwai gare, akwai girke, akwai saƙi, akwai tsamiya, kuma mun san bambancin aska biyu da aska takwas da malum-malum. Haka sunayen garuruwa. Baturen nan Kilafaton da ya zo ƙasar nan a 1824 ya rubuta Sakkwato da Sackatoo, Katsina da Kashna. Damagaram a takardun Faransa Zinder ce. Daɗin daɗawa, Turawan da suna kiran duk ƙasashenmu da sunan Sudan, saboda haka rigar da aka ɗinka a Kano tana iya zama a wani sito a Turai da takardar Sudan a wuyanta, mai nema daga nan ya wuce ta bai sani ba. Ko a gida ma, Katsina da Maraɗi tarihinsu ɗaya ne, amma rajistar wannan gefen da Ingilishi take, ta wancan gefen da Faransanci. Kada mu manta da haruffanmu masu lanƙwasa. In wani ya rubuta ƙofa wani ya rubuta kofa, kwamfutar da ba a koya mata ba za ta ɗauka abu biyu ne.

Wannan matsala ce manhajojin da nake magana a kai suka zo warwarewa. Domin iyayenmu da ba su saba da kalmar ba, in kwamfuta ita ce ofis, to manhaja ita ce akawun da ke ciki da tsarin aikin da aka koya masa. Wadda na fi sani sunanta Arches. Cibiyar Getty ce da Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya suka haɗa hannu suka fito da ita a 2013, bayan sun gwada irinta a ƙasar Jodan da Larabci da Ingilishi. Kyauta ce, kuma an bar cikinta a buɗe, duk ƙasar da ke da masu sanin aikin tana iya ɗauka ta gyara ta yadda zai dace da ita.

Hikimarta guda biyu ce. Ta farko, kowane abu da kowace kalma lamba ɗaya gare su, sunaye kuwa ko nawa ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowannenmu yana da sunan yanka, da wanda ake kiransa a gida, da laƙabin da muka laƙaba masa a aji, wanda ba zan tona a gaban iyalinsa ba, amma lambar shigarsa makaranta ɗaya ce. Haka nan ake ba babbar riga lamba ɗaya, a rataya mata sunanta na Hausa da na Larabci da na Faransanci da na Ingilishi. Ko da wanne ka nema, rigar nan dai za ta fito. Ta biyu, manhajar tana bin wata ƙa'ida da kwamitin ICOM ya tsara, wadda ta zama ma'aunin duniya a 2006 da lamba ISO 21127. Ƙa'idar ta ce a rubuta tarihin abu daki-daki kamar yadda ake jero nasabar mutum: wane ya ƙera shi a gari kaza, wane ya gada, wane ya ɗauke shi a shekara kaza ya kai wuri kaza. Idan ƙasashe biyu suka bi wannan ƙa'ida, rajistocinsu za su iya haɗuwa ko da ba harshe ɗaya suka yi amfani da shi ba. Har ila yau tana ɗora kowane wuri a kan taswira, a ga iyakarsa, a rubuta halin da yake ciki duk lokacin da aka kai ziyara.

An riga an gwada ta a manyan ayyuka. Tun 2015 wani shiri da Jami'ar Oksfod ke jagoranta yake amfani da ita wajen rubuta wuraren tarihi da ke cikin haɗari a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, ana duba hotunan tauraron ɗan'adam ana shigarwa. A 2020 Jami'ar Kambirij da abokan aikinta na Afirka suka fara irinsa a ƙasashe takwas: Mali, Senigal, Sudan, Habasha, Kenya, Tanzaniya, Zimbabuwe da Botsuwana. Za ku lura babu Nijeriya babu Nijar a cikin takwas ɗin nan.

Amma akwai misali daga ƙasarmu da ya kamata mu yi koyi da shi. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin da yaƙi, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fadar Oba, kayan suka warwatsu a duniya. An fi shekara ɗari babu wanda ya san takamaimai me ke ina. A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe wani kundi a intanet mai suna Digital Benin, wanda wani gidan tarihi na birnin Hambug a Jamus ya jagoranta tare da masana daga Benin. A ranar buɗewa ya ƙunshi kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Abin da ya fi burge ni shi ne, ba su tsaya ga sunayen da Turawa suka rubuta ba. Sun jera kayan da sunayensu na harshen Edo, har da murya mai furta sunan, da bayanin amfanin kowane abu a fada. Ba zan ce kundin ne ya dawo da kaya ba, domin an daɗe ana fafutuka kafin shi, kuma tun a watan Yuli na 2022 Jamus ta sa hannu ta miƙa wa Nijeriya mallakar kaya sama da 1,100. Holan ma ta dawo da guda 119 a 2025. Amma yanzu ɗan Benin yana iya nuna abu da yatsa ya ce ga shi, ga inda yake, ga lambarsa, ga sunansa a bakin kakana. Mu fa? Rigunanmu da sirdunanmu da littattafan malamanmu da ke waje, wa ya ƙidaya su?

Ba zan ɓoye muku wahalhalun da ke ciki ba. Na ɗaya, kyauta ce manhajar, amma tana buƙatar wutar lantarki da wurin ajiya da ma'aikacin da zai riƙa kula da ita, kuma duk mun san abin da ke faruwa da aikin gwamnati idan kuɗin shiri suka ƙare. Na biyu, taswirar da ke nuna wa mai bincike inda kufai yake ita ce ke nuna wa ɓarawo inda zai haƙa. Saboda haka ake tsara ta hawa-hawa, akwai abin da kowa zai gani, akwai wanda sai mai izini. Na uku, akwai kayan sarauta da na gado da masu su ba sa son a baje su a idon duniya, kuma haƙƙinsu ne. A rubuta, a ajiye, amma kada a yaɗa sai da yardarsu. Na huɗu, wanda ya fi duka, kwamfuta ba ta san sunan komai ba sai wanda aka gaya mata. Idan ba mu shigar da gare da girke ba, tobe za ta ci gaba da cewa. Masu sanin waɗannan sunaye kuwa tsofaffi ne, kullum raguwa suke yi.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. A watan Satumba na 2018 gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Barazil a dare ɗaya, wurin da ke da kaya kimanin miliyan 20. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya kai ga wawashe gidan tarihi na Khartum. A nan kusa da mu, a watan Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta har aka yi asarar rayuka. Bayan irin wannan, abin da aka auna aka rubuta shi kaɗai ake iya nema ko a sake ginawa.

Saboda haka ina da roƙo guda uku ga wannan ƙungiya. Na farko, mu fara da makarantarmu. Tsohuwar ƙararrawa, da kofunan wasanni da ke ofishin shugaban makaranta, da rajistar shiga ta farko, da hotunan da ke rataye a ɗakin malamai, duk mu ba su lamba, mu ɗauki hotonsu, mu rubuta sunayen waɗanda ke cikin hotunan tun masu gane su suna raye. Na biyu, duk wanda zai je gida hutun salla, ya nemi izinin manyansa ya rubuta abu ɗaya tak, ko takobi ne, ko tambari, ko allo, ko akushin kaka. Ya ajiye rula a gefensa ya ɗauki hoto ta gaba da ta baya, ya amsa tambayoyin nan tara, ya ɗauki muryar tsohon da ya san labarinsa yana faɗin sunansa. A yi kwafi uku, ɗaya a takarda a gidan masu abin, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin sakatare. Na buga takardar tambayoyin da Hausa, tana kan tebur a bakin ƙofa. Na uku, 'yan'uwanmu da suka karanci kwamfuta, da malamanmu na Hausa da tarihi da Larabci da Faransanci, mu zauna mu fara jera sunayen kayanmu da takwarorinsu a sauran harsuna. Duk ranar da hukuma ta tashi kafa rajista ta zamani, ta tarar mun share mata fage.

Dagacin nan ya rasu bara. Kafin rasuwarsa na koma gidansa da rula da littafi, muka rubuta sirdi da likkafa da takubba biyu da tambari ɗaya da suka rage. Da muka gama ya sa aka karanta masa, ya gyara mini sunan ɗaya daga cikin takubban, ya ce in ba haka aka rubuta ba kakansa ba zai gane shi ba.

Mai girma shugaba, na ga sakatare yana duban agogo. Ina godiya ga malamanmu da suka koya mana riƙon alƙalami. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, har da Baba mai sito, Allah ya gafarta musu. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya maimaita mana taron baɗi, ya mai da kowa gidansa lafiya.